Anini a Ƙarƙashin Ƙusa

Utaibiyya, Makka
Juma'a, 17 ga Shawwal

Zuwa ga 'yata Ramlatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dukan mutanen Gumel. Ki gaishe mini da mahaifiyarki Talatu, ɗiyar goggona, taubashiyata. Ki ce mata ubangidanta na Makka yana nan da ransa, kada baiwa ta fara murna tukuna. Jikina da sauƙi. Gwiwoyi ne dai suka ƙi, rabona da Harami tun cikin azumi da aka tura ni a keke. Kunne ma ya yi nauyi, shi ya sa nake ce muku ku bar aiko mini da murya a waya. Ki rubuta, ni ma in rubuta. 'Yata Asma tana zuwa daga unguwar Zahir kowace Juma'a ta kawo abinci ta wanke mini kaya. Ita ke ɗaukar hoton takardata ta tura miki, ita ke buɗe mini taki ta ƙara girman rubutun. Ba ta karanta Hausa, nan aka haife ta, Larabci ya fi kama bakinta. Sauran kwana shida ni kaɗai ne a ɗaki.

Kin ce iskar bara ta yaye rufin gidaje da dama a unguwarku, har da sababbi na siminti, amma ɗakin Talatu ko falle ɗaya bai ɗaga ba, kuma har yau ba ya yoyo. Kin tambaya ko na san wanda ya yi aikin. Na sani, domin ina wurin, kuma da hannuna a ciki.

Shekarar da na shiga aji huɗu a elementare gyaɗa ta yi kyau, Baba ya sayi kwano bandir ɗaya da rabi. Daga tashar Gagarawa aka ɗauko shi a kan raƙuma, yara suna biye har ƙofar gida. Da kafinta ya zo ya ce kowace ƙusa tana bukatar ɗan faifan ƙarfe mai huji, wanda zai danne kwano ya hana ruwa bin ramin, abin da suke kira washa. A kanti biyu kwabo ake sayarwa. Ƙusa kuwa wajen ɗari huɗu za a buga. Baba ya shiga shafa gemu.

Ku 'yan naira ba ku sha wahalar lissafi ba, komai naku goma-goma ne. Mu kwabo goma sha biyu ke sule, sule ashirin ke fam, a tsakani ga ahu ga taro ga sisi ga nai ga fataka, kuma duk da ka muke yi, malam yana tsaye da tsumagiya. Autansu shi ne anini, goma ke kwabo ɗaya. Fari ne, da tauraro a jikinsa da huji a tsakiya. Ina zaune gefe da silet ɗina ina jin su, sai na zaro anini daga aljihu na zura ƙusa a hujinsa. Ta zauna daram. Na buga lissafi na kai wa Baba: washar kanti ɗari huɗu sule goma sha shida da kwabo takwas, anini ɗari huɗu kuwa sule uku da kwabo huɗu. Kuɗin da kansa ya fi abin da za a saya da shi araha.

Baba ya dubi silet, ya dubi kafinta, ya ce, "Ka ji ɗan boko." Shekarata tamanin yanzu, ba a taɓa yi mini yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Ya ba ni sule uku da nai, na bi mata masu daddawa da gishiri da ƙuli-ƙuli ina neman canji. Sai da na ci kasuwa biyu kafin in haɗa ɗari huɗu da hamsin. Ranar aiki ni ke zura wa ƙusoshi anini ina miƙa wa kafinta a sama. An buga ɗari uku da casa'in. Talatu, tana 'yar shekara bakwai, ta sace biyu ta sayi alewa, ki tambaye ta. Sauran Baba ya ce in riƙe, ladan lissafina ne.

Na zura su a tsirkiyar fata. Bayan shekara biyu muka kama hanyar gabas, aka bar wa Goggo ɗakin. Aninan nan sun yi shekara huɗu da ni a Sudan muna tsinkar auduga, sun haye teku da ni, ko ruwan sha ba su taɓa saya mini ba, tunda ba kuɗin ƙasar ba ne. Shida sun zube a hanya, hamsin da biyu suka rage, suna ƙarƙashin matashin kaina. Jikokina idan sun zo daga Jidda sukan ce, "Jaddi, wannan wace irin tasbaha ce?"

To, kin ji. Ƙarƙashin kowace ƙusa ta ɗakin nan akwai kuɗi. Wannan gadonku ne, ku 'ya'yan Talatu.

Kawunki,
Wada


Gumel, 5 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa cikin ladabi, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Mu nan lafiya muke, sai zafi. Hadari yana haɗuwa yana watsewa, ba a yi ruwa ba tukuna.

Jiya na je gidan Inna na karanta takardarka a tsakar gida, kowa yana wurin. Inna ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce in gaya maka uku ta ɗauka, ba biyu ba, kai da lissafin naka ba ka gane ba shekara kusan saba'in.

Amma Kawu, da na sani da ita kaɗai na karanta wa. Ƙanena Sada yana wurin. Ka san shi a hoto, shi ne mai shagon cajin waya a bakin tasha. Yana da mata da 'ya'ya uku, kasuwa kuma ba ta tafiya. Tun bara ake yaɗa magana a nan cewa tsofaffin kuɗi masu huji, da tsohon keken ɗinki, da dutsen guga na gawayi, suna ɗauke da wani sinadari wai shi makuri. Wai Turawa ne suka ɓoye a ciki, wai akwai masu saye a Kano da miliyoyi. Sada ya gaskata. Ya karɓi wayata ya sake karanta ƙarshen takardarka har sau biyu. Ya ce ga ɗan mai ɗaki da bakinsa ya ce gadonmu ne. Na ce masa ba abin da kake nufi ke nan ba. Ya ce ni malamar makaranta ce, albashi yana shigo mini duk wata, ba zan gane ba. Wai zai cire su ya saya wa Inna sabon kwano mai launi har da silin. Inna ta ce gawarta za a fara fitarwa kafin a zare ƙusa ɗaya.

Don Allah ka rubuto masa da sunansa Juma'ar nan. Maganarka kaɗai zai ji, tunda da ita ya kafa hujja.

'Yarka,
Ramlatu


Gumel, 29 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Juma'a uku ke nan ba mu ji daga gare ka ba. Na kira Asma, ba mu fahimci juna ba, kalmar "mustashfa" kaɗai na tsinta. Maigidana ya ce asibiti ke nan. Ban sani ba ko kai ne ko ita. Allah ya sa lafiya.

Sada ya ɗauki shirunka a matsayin yarda. Ranar da Inna ta tafi suna Maigatari ya kafa tsani ya ɓalle falle uku na gefen gabas. Anini arba'in ya samu. Gaskiyarka, da ya goge su fari tas suka fito. Ya kai Kano. Masu sayen suka karɓa suka ce na gaske ne, amma injinsu ba ya aiki da ƙasa da ɗari, ya je ya ƙaro. Yanzu jira yake Inna ta sake fita. Ita kuwa ta daina zuwa ko'ina, ta ɗauko kujera ta zauna bakin ƙofa da sandarta.

Na kira kafinta ya mayar da fallayen. To amma da gaggawa Sada ya cire, ya yage ramukan, hular ƙusar zamani ba ta rufe su. An liƙa roba da kwalta, ba su riƙe ba. Shekaranjiya aka yi ruwan farko, ya bi bangon gabas. Ka san ginin ƙasa ne, har ya fara zubo laka a kan akwatinta. Kafinta ya ce ninkin sabon kwano bai dace da na tsohon ba, sai dai a sauya rufin gaba ɗaya, kuma idan aka bar bangon haka ba zai kai ƙarshen damina ba. Na roƙi Inna ta dawo gidana, ta ƙi. Ta ce a ɗakin nan uwarta ta rasu.

Ka yi magana, Kawu.

Ramlatu


Utaibiyya, Makka
Juma'a, 1 ga Zulhajji

'Yata Ramlatu,

Ina gaishe ku duka. Ni ne na kwanta, ba Asma ba. Santsi ya ɗauke ni a banɗaki, na yi kwana ashirin da wani abu a asibiti, shekaranjiya aka sallame ni. Ƙashi bai karye ba, alhamdulillahi. Asma ta ɓoye mini takardunki, wai kada hankalina ya tashi, ba ta san abin da ke ciki ba. Yau ta buɗe mini duka biyun. Na karanta, na kasa cin abincin da ta kawo. Ni na jawo wannan da alfaharina. Tsoho ya samu mai saurare, ya saki baki.

A shimfiɗa tamfol a gefen gabas a danne da duwatsu, a yau, kada a jira. Sauran takardar nan ta Sada ce, ki ba shi ya karanta da idonsa.

Sada, ɗana. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma ni ɗan'uwan uwarka ne, kuma ubana ne ya rufe ɗakin da ka hau. Da na ce gadonku ne, nufina ku san daga inda kuka fito. Ban ce a yaye wa tsohuwa rufi da damina ba. Na ji kasuwa ta tsaya maka, na san abin da wannan ke sa magidanci ya yi, ni ma na taɓa kwana da yara babu abin da zan sa musu a baki. Amma ka saurare ni. Aninan nan ɗaya bayan ɗaya suka bi ta hannuna. Abin da da ƙyar yake sayen ƙullin gishiri, Bature ba zai ɓoye dukiya a cikinsa ya raba wa mata masu daddawa ba. Na zauna da mutanen nan a zamaninsu, ba su da irin wannan mantuwar.

Na san ba za ka yarda da maganar tsoho daga nesa ba, don haka ga abin da na yanke. Alhaji Badamasi maƙerin azurfa na garinku ya zo aikin hajji, yana zaune gabana yanzu yana shan shayi. Na ciro tsirkiyata daga ƙarƙashin matashi na damƙa masa, duka hamsin da biyun. Sun fi na rufi kyau, ƙusa ba ta taɓa cizon su ba. Idan ya dawo gida ka je maƙerarsa, ka zaɓa da hannunka, ya narka a gabanka, ko nawa kake so. Idan wani abu ya fito wanda ba farin ƙarfe ba, ka kwashe su duka, ka kwashe na rufin ma, ni zan ba Talatu haƙuri. Idan babu komai, kai da kanka za ka hau ka toshe ramukan da ka yage da waɗanda suka rage, faɗinsu zai rufe. Kafin Alhaji ya dawo kada ka taɓa ko ƙusa ɗaya. Idan ka taɓa, kada ka ƙara kirana kawu.

Ramlatu, Asma ta ga ina miƙa tsirkiyar, ta ce, "Abuya, me ya sa?" Ta san ko asibiti da ita na tafi. Na ce mata aiki ya same su a gida.

Ki gaya wa Talatu biyu ta ɗauka. Na ƙirga a ranar, na sake ƙirgawa washegari. Idan akwai na uku, daga aljihun kafinta ta zare shi.

Kawunku,
Wada


Gumel, 14 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, barka da shiga sabuwar shekara. Allah ya ƙara maka lafiya ya kiyaye gaba. Muna nan ƙalau, gero ya kai gwiwa.

Na jinkirta rubutu ne don in zo maka da labari cikakke. Sada ya karanta takardarka a tsaye, ya miƙo mini waya. Sati biyar bai gaishe ni ba, amma bai hau ɗakin ba. Tamfol ya taimaka, sai dai sau biyu iska tana ɗage shi, Inna tana tara ruwa a kwanoni. Bangon ya tsage kaɗan daga sama, bai faɗi ba.

Alhaji Badamasi ya sauka ranar Litinin. Ranar Alhamis da hantsi aka je maƙera. Ban san wanda ya baza labari ba, amma kafin a hura wuta wurin ya cika, har da masu tsofaffin kekunan ɗinki da suka ɓoye a ƙarƙashin gado. Alhaji ya kwance tsirkiyar ya zube a tire. Sada ya daɗe yana zaɓa. Aka narka ɗaya, aka juye, ya zama ɗan dunƙulen farin ƙarfe kamar ƙwayar wake. Sada ya ce wataƙila wannan ne aka manta ba a zuba masa ba. Aka narka na biyu. Aka narka na uku. Wani dattijo mai sayar da goro ya tambayi Alhaji ko zai narka masa dutsen gugar matarsa, tunda wuta na nan, kowa ya kwashe da dariya. Sada bai yi dariya ba. Da Alhaji ya tambaye shi ko a ƙara na huɗu, ya ce a bari haka. Nan ne ya faɗa mana cewa kwana goma ke nan wayar mutanen Kano a kashe, ya je inda suka haɗu an ce ba a san su ba. Arba'in ɗin sun tafi ke nan.

Fuskarsa kaɗai ta isa, Kawu. Inna ce da muka koma gida ta dube shi ta ce ya ci abinci tukuna, gobe akwai hawa.

Ranar Juma'a da safe ya hau tare da kafinta. Shi ke zura aninan, shi ke bugawa, kafinta yana nuna masa. Sun rufe ramukan ruf. Inna tana ƙasa da sandarta tana ba da umarni kamar ita ta koya musu sana'ar. Jiya da azahar aka tafka ruwa har la'asar. Na zauna da ita a ciki muna kallon sama, ko ɗigo babu. Ta ce, "Ki gaya wa ubangidan nawa baiwarsa ta wuni a bushe. Ki ce masa kuma lissafin nasa ya yi amfani sau biyu, kada kansa ya kumbura."

Sada yana neman gafararka, kunya ta hana shi rubutawa. Ya yi alkawarin yaɓe bangon da zarar ruwa ya ɗauke. Ga hotunan rufin na haɗo, shi ya ɗauka daga sama.

An narka uku, an buga arba'in, tara sun rage, ga kuma tsirkiyar. Akwai wata maƙwabciyarmu da za ta zo umara wata mai zuwa. In ba ta ta kawo maka?

'Yarka,
Ramlatu


Utaibiyya, Makka
Juma'a, 13 ga Muharram

'Yata Ramlatu,

Takardarki ta same ni lafiya, Allah ya yi miki albarka. Yanzu ina takawa da sanda har bakin ƙofa, wani lokaci har shagon ɗan Yaman da ke ƙasan bene in sayo burodi. 

Kada ki ba kowa ya kawo mini. Ki zuba taran a gwangwani ki ajiye a ɗakin Talatu, ƙusa takan saki, za a neme su. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu idan na farka hannuna yakan shiga ƙarƙashin matashi ya fito babu komai. Amma da suna nan, ranar da aka kai ni maƙabarta Asma za ta rasa yadda za ta yi da su, ta jefa a durowa. Can ne za su yi amfani.

Ki gaya wa Sada na yafe, duniya da lahira. Arba'in da suka tafi kada ya sa a ransa, duka-duka kwabo huɗu ne. Ki gaya wa Talatu kaina ya riga ya kumbura, har maƙwabcina ɗan Barno na kira ya hau bene ya ga hotunan, na ba shi labarin tun daga raƙuman Gagarawa. Ya yi ta duba agogo, ban ƙyale shi ba sai da na kai ƙarshe.

Na sa Asma ta ƙara girman hotunan har ta gaji. Na bi su ƙusa bayan ƙusa. A hoto na biyu, falle na tsakiya, layi na uku daga ƙasa, akwai ɗaya da ya buga a cikin kwarin kwano, inda ruwa ke bi. A kan tudu ake bugawa. Bana ba za ta yi yoyo ba, amma baɗi za ta yi. Ki ce ya hau ya zare ta, ya toshe wurin da kwalta, ya mayar da ita kan tudu.

Sauran talatin da tara daidai suke. Ki gaya masa haka, da bakina.

Kawunki,
Wada